Akwatin Baƙo a Ƙofar Gidanmu

Zuwa ga ɗana Babagana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Wushe da hanya. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya a duk inda ka buɗe ta, ko a sararin sama ko bayan ƙafarka ta taka ƙasar mutane. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya sauke ka a hannun nagari. Na rubuta ne domin abin da ke ciki ya fi ƙarfin bakina. Ka san ni, masunci ma zan iya sayar masa da kifi, amma sau uku ina kiran ka rumfa don in faɗa maka wannan magana, sau uku ina ɓigewa da zancen rigar sanyi.

Bari in fara da yabo, a ba kowa haƙƙinsa. Ɗan'uwanka Kyari Allah Ya yi masa buɗi. Shekara uku kacal a Amurka, har ya gano abin da ya lalata ƙasar, abin da masu ƙasar da kansu suka tsufa suna gardama a kai. Mu nan kasuwar kifi ta hanyar Baga, sai mutum ya shekara goma kafin ya iya bambance bandar da ta sha hayaƙi da wadda aka shafa wa mai, amma shi daga kujerar motar kai kaya ya haddace tattalin arzikin duniya. Na saurari saƙon muryar da ya aiko maka ranar Juma'a, da ka kunna muna cin abincin rana. 'Yan Meziko ne, in ji shi. Su ne suka karya farashin aiki, a ba su rabin lada su karɓa har da godiya, mutumin kirki ya rasa abin yi. Kai kuma ka yi dariya ka ce, "Baba, ni ai da biza zan shiga, ta ƙofa, ba ta katanga ba."

Ka ga na tsame hannu daga kwano. Mahaifiyarka ta zaci gishiri ne ya yi yawa. Ba gishiri ba ne. Muryata na ji a bakin Kyari. Wannan maganar na taɓa yin ta, a tsaye kan benci, aka tafa mini, kuma har yau ban gama biyan abin da ta jawo ba. Tsorona ɗaya ne, kada ka je can ka zama ni.

Washegari Malam Bitrus, maƙwabcinmu ɗan Biu da ya yi ritaya daga koyar da tarihi, ya zo sayen kan tarwaɗa, yana taya kamar mai sayen mota. Na ce masa, "Malam, waɗannan 'yan Meziko, me suka tsare wa Amurka?"

Ya ce, "Alhaji Ali, darasi ba kyauta ba ne. Ƙara kai biyu."

Na ƙara. Ya gyara zama a kan kwali ya ce, "Ƙasashen nan katanga ɗaya suka haɗa, kamar mu da Cadi. Wani yankin ma da na Meziko ne, yaƙi ya mayar da shi Amurka, mutane suka kwana a garinsu suka tashi baƙi. Lokacin da ake shimfiɗa layin dogo, ake neman masu tsinkar auduga da 'ya'yan itatuwa, har gida ake bin su. Da kasuwar duniya ta faɗi, aiki ya yi wuya, sai aka ce su ne suka cinye aikin 'yan ƙasa, su ne suka ja lada ƙasa. Aka cika jiragen ƙasa da su, har da yaran da aka haifa a can, waɗanda ba su taɓa ganin Meziko ba. Da babban yaƙi ya zo, maza suka tafi daga, gonaki suka rasa hannu, aka sake aika musu su dawo. Da aka ƙoshi aka sake kora."

Na ce, "Masu gonakin da ke biyan rabin ladan fa, su ma an kore su?"

Ya ce, "A wace kasuwa ka taɓa ganin an kori mai saye?" Ya ɗaure kifinsa, ya dube ni. "Me ya kai ka Meziko da sanyin safiya?"

Na ce yaro ne zai tafi. Ban gaya masa sauran ba. Kai zan gaya wa.

Ka tashi ka tarar da ni da rumfa ɗaya ta banda, ka ɗauka haka muka gada. A'a. Gidanmu na Abbaganaram gidan fatoma ne. Kakanka, wanda ka ci sunansa, muke ce masa Ba, shi ne mai masaukin fataken kifi. Mutum ya taso daga tafkin Cadi da kayansa, ya sauka gidanmu, a ba shi tabarma da tuwo, kakanka ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in rigima ta tashi, ya ɗauki la'adarsa. Ɗakin nan na zaure na biyu, inda yanzu mahaifiyarka ke tara tsofaffin tukwane, shi ne ɗakin ajiya. Baƙo in ya iso, kafin a ba shi ruwa, akwatinsa ake fara shigarwa can. Kuma ƙa'idar fatoma guda ce, kowa ya san ta tun daga nan har tsibiran tafki: muddin kayan mutum na cikin ɗakinka, mutumin naka ne. Ba ka ba da shi, ba ka nuna shi, ba ka faɗin sunansa ga mai nemansa da sharri. In ya yi laifi, kai za ka kai shi da ƙafarka ka zauna kusa da shi.

A cikin masu sauka gidanmu akwai Mahamat, mutumin hayin tafki ta ɓangaren Cadi. Da farko da kifinsa yake zuwa. Daga baya ruwa ya ja baya, faɗa ya ɓarke a ƙasarsu, ya rasa kwalekwale ya rasa komar kamun kifi, ya zo mana da koren akwatin ƙarfe kawai. Kakanka ya shigar da akwatin ɗaki. Mahamat ya shiga aikin ɗaurin kwali a kasuwa, shi da wasu 'yan garinsu da suka biyo shi.

Ka san aikin, amma ba ka ga nasa ba. 'Yan garinmu juye banda suke yi cikin kwali, su danna da gwiwa, wani har da ƙafa, su ɗaure. Mahamat jerawa yake yi. Kowace tarwaɗa a nannaɗe, kan wannan cikin cikin waccan, zagaye bayan zagaye, manya a gindi ƙanana a sama, har kwali ya cika babu inda kifi zai motsa. Kwalinsa ya yi kwana uku a bayan mota zuwa kudu, a buɗe shi kamar yanzu aka rufe. Wata rana na tsaya ina kallonsa, na ce, "Mahamat, kana ɓata lokaci, danna kawai." Ya ce, "Ɗan maigida, kifi ba ɗan makaranta ba ne, ba a koya masa zama da duka." Haka yake, kullum da abin da zai tsokane ni da shi. Shi ya koya mini kai banda kunne in ƙwanƙwasa, in ji ko ƙwaro ya shige ta. Abin da nake ci da shi har yau ke nan.

Ya shekara bakwai a garin nan. Ya auri Zara, 'yar Old Maiduguri, ya kama ɗaki can, suka haifi yara biyu. Amma bai taɓa ɗauke akwatinsa daga ɗakinmu ba. Na taɓa ce masa, "Kai da ka yi gida, me akwatinka ke jira a nan?" Ya ce, "Ku kuna da katin ɗan ƙasa. Ni wannan ne nawa."

Ni a lokacin ina saurayi mai aji uku na sakandare da biro a aljihun gaba. Ƙungiyar masu ɗauri da lodi ta 'yan gari suka naɗa ni sakatare, ba don na taɓa ɗaure kwali ba, sai don na iya rubuta wasiƙa mai hatimi. Na ji daɗin sunan ƙwarai. A kira ni Sakatare in ƙi juyowa sai an kira na biyu.

Sai babban mai saye na lokacin, wani Alhaji da ba zan faɗi sunansa ba don jikokinsa na nan, ya rage kuɗin ɗaurin kwali. Aka aike ni in yi magana. Na same shi a rumfarsa, ya sa aka kawo mini lemo mai sanyi da goro. Na karanta masa takardata kaf, har da Turancin da na sa a ciki. Ya saurara yana jan carbi, sannan ya ce, "Sakatare, ni ban rage ba, kasuwa ce ta rage. Ga waɗanda za su yi a haka." Ya ɗaga carbin ya nuna inda su Mahamat ke durƙushe suna jera kifi.

Ga kuskurena na farko. Na bi carbin da ido, na manta da hannun da ke riƙe da shi. Na shiga rumfar ina fushi da Alhaji, na fito ina fushi da Mahamat, lemon Alhaji a cikina. Ban tambayi Mahamat nawa ake ba shi ba. Sai bayan shekaru na ji cewa su ma an kira su an ce, 'yan gari sun yarda da ragi, ku fa? Kowane ɓangare an nuna masa ɗaya da carbi guda. Mu da su muna sallah sahu ɗaya, muna cin ƙosai wurin mace ɗaya, amma ba wanda ya buɗe baki ya tambayi na kusa da shi.

Don haka, Babagana, duk ranar da mai biyan ka ya nuna maka wani talaka ya ce ga dalilin da ya sa ladanka ya ragu, ka gode masa, ka sha lemon in ya ba ka, sannan ka je wurin talakan ka tambaye shi shi me aka gaya masa. Kada ka huce haushin kaza a kan dami. Ba na ce tsoron da 'yan ƙungiyarmu suka ji ƙarya ba ne. Suna da yara, hatsi ya yi tsada, mutum ya wuni a durƙushe ya koma gida da abin da bai kai cefane ba. Tsoron gaskiya ne. Inda aka kai shi ne ba daidai ba. Kyari ma na san tsoro ne ke magana a bakinsa, shi ya sa ban kira shi na zage shi ba.

Ana cikin haka labari ya zo cewa hukuma na neman baƙin da ba su da takarda. Ƙungiya ta kira taro bayan la'asar a bayan rumfunan lodi. Nan na hau benci. Na ce baƙi sun cinye mana abinci, sun mai da ɗan gari bara a garinsa, wanda zai karɓi rabin lada ɓarawon rabin ladan wani ne. Aka tafa. Aka ce a rubuta sunayensu a miƙa, kuma wa ke da biro in ba ni ba? Ana kira ina rubutawa. Na kai ƙarshe zan ninke takarda, sai wani daga baya ya ce, "Sakatare, na gidanku fa? Ko dokar ba ta san hanyar Abbaganaram ba?" Aka yi dariya. Wani ya ce, "Ku bar shi, Sakatare mai baƙo a ɗaki." Na ce musu gobe za su gani.

Na san ƙa'ida. Ba zan ce ban sani ba, a cikinta aka haife ni. Kayan mutum na ɗakinka, ba ka faɗin sunansa. Na yi ta juya maganar kamar mai neman ɓarakar buhu, har na samu. Ƙa'ida ta ce muddin kayan na ciki. Ba ta ce komai ba a kan kayan da ke waje.

Washegari da hantsi kakanka ya tafi jana'iza wata unguwa. Makullin ɗakin ajiya na hannuna, don ni ne babban ɗa. Na buɗe, na jawo koren akwatin. Na shirya ƙarfina don in ɗaga, sai ya taso mini kamar kwali wofi. Babu nauyi, Babagana. Wani abu ɗan ƙarami ne kawai ya gangara a ciki. Shekara bakwai mutumin nan ba dukiya ya ajiye wurinmu ba. Na fitar da shi na ajiye ƙofar gida, gindin dogon yaro. Na koma zaure na zauna, na rubuta sunan Mahamat a ƙasan takarda da rubutuna mai kyau. Na gaya wa kaina ban karya komai ba.

Da azahar Mahamat ya biyo ta layinmu, kamar yadda ya saba, don ya gaida Ba. Ya ga akwatin. Ya tsaya ya daɗe yana kallonsa. Ina zaure, ya san ina ciki.

Ya ce, "Ɗan maigida, share ɗaki ake yi?"

Na ce, "E, gyara ake yi."

Ya dubi ƙofar gida, babu akwatin kowa sai nasa. Ya kakkaɓe ƙurar murfin da hannun riga, ya saɓa a kafaɗa, ya ce, "A gaida Ba. A ce na gode da ajiya."

Bai tsokane ni ba ranar. Na fi son da ya zage ni.

Kuskure na biyu ke nan, kuma shi ne babba. Ban yi shi da jahilci ba, da wayo na yi shi. Jahili da ya ci amana ya san ya ci. Mai ɗan ilimi irina sai ya fara gyara wa amanar zama, ya fitar da ita ƙofar gida, sannan ya ci da hannu mai tsabta. Kai ka fi ni karatu nesa ba kusa ba, don haka ka fi ni hatsari. Duk ranar da ka ji kanka yana kawo maka hujja mai kyau a kan abin da cikinka ya ƙi, ka tashi daga wurin. In aka tara mutane don a rubuta sunan wasu, ko a kira waya a kai ƙarar wasu, kada ka zama mai biron. Su ce maka matsoraci. An ce mini Sakatare mai baƙo a ɗaki, na kasa haƙuri da dariyar yini ɗaya, na sayi kunyar shekara arba'in.

Kwana biyu bayan na miƙa takarda, motar hukuma ta zo kasuwa da safe. Ana kiran suna daga rubutuna, suna tashi daga kan kwalaye suna hawa. Wani ya bar kwali rabi a jere. Mahamat na cikinsu. Bayan mako guda Zara ta sayar da gadonta da kwanoninta ta bi shi da yaran. Yaran nan a Old Maiduguri aka yanke musu cibi, Barbarci suke ji, ba su san kowa a hayin tafki ba. Sunansu ba ya cikin takardata. Ban ma tuna da su ba lokacin da nake rubutu. Da Malam Bitrus ya zo kan yaran da aka cika jirgin ƙasa da su, sai da na juya na yi kamar ina korar ƙuda daga kifi.

Kakanka ya gane tun ranar da na fitar da akwatin. Ya dawo daga jana'iza ya leƙa ɗaki, kamar yadda yake yi kullum yana ƙirga baƙinsa da ido. Ya kira ni.

"Ali, akwatin Mahamat fa?"

"Ya ɗauka, Ba."

"Daga ina ya ɗauka?"

Sai wayon ya sake zuwa, na ce, "Ba, lokacin da na rubuta sunansa, kayansa ba sa ciki."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ashe abin da na biya kuɗin makaranta a koya maka ke nan." Ya miƙo hannu, na sa masa makulli. Washegari ya tafi da kansa neman a cire sunan, tsoho da sanda, ya wuni a kan benci a ƙofar ofis. Aka ce masa takarda ta riga ta wuce, kuma ai daga gidansa ta fito. Bai sake ɗaga mini maganar ba har ya rasu. Bai kuma sake ba ni makullin ba.

Kana so ka ji ribar da muka ci? Kuɗin ɗauri ya hau na mako biyu, aka yi ta ɗaga ni sama. Sai motar farko ta isa kudu, aka buɗe kwalaye aka tarar kifi ya zama gari, kai daban jela daban. Masu saye suka yi waya suna zagi. Alhaji ya cire asarar daga ladan masu ɗauri. Kafin damina ya aika ƙauyuka aka kwaso masa mutanen da fari ya kora, suka karɓi abin da ya gaza na su Mahamat. Su 'yan ƙasa ne, babu motar da za a kira musu. Ƙungiya ta watse, kowa na zargin kowa.

Gidanmu kuwa, labari ya riga mu isa tafki. Ba a ce ɗan fatoma ya rubuta suna ba, wannan bai dame su sosai ba, hukuma hukuma ce. Cewa aka yi, a gidan nan ana fitar da akwatin baƙo. Ɗaya bayan ɗaya suka zo, da ladabi, da gaisuwa, kowa ya karɓi kayansa ya koma wani masauki. Har 'yan ƙasarmu na Baga da Doro, waɗanda babu mai korar su. Kafin shekara biyu ɗakin ya zama wofi. Kakanka yakan zauna a ƙofarsa da rana, makulli a hannu, babu abin kullewa. Sana'ar da ya gada daga ubansa a hannuna ta mutu, da hantsi ɗaya.

Kuskure na uku gajere ne, amma shi ya fi hana ni sukuni yanzu da na tsufa. Ban je na nemi gafara ba. Direbobin kifi suna zuwa bakin iyaka duk mako, sun san ƙauyen da ya zauna. Kuɗin mota bai fi ƙarfina ba. Na ce bayan sallah. Na ce in kasuwa ta buɗe. Na ce in na yi aure in je da mutuncina. Har na sayi yadi zan kai masa, ya zauna a ƙasan adakar mahaifiyarka har asu ya ci. Wata rana wani direba yana shan shayi a rumfata ya ce, "Af, mutumin nan naku mai jera kifi, ai ya rasu bara." Ya ci gaba da zancen tayar motarsa. Ban san inda Zara take ba, ban san me yaran suka zama ba. Da aka haife ka na sa maka sunan Ba, mutane suka ce ɗa nagari ya tuna ubansa. Ni na san toshiya ce nake miƙa wa kabari.

In ka ɓata wa mutum, ka je a ranar, da kunyarka a fuska. Kunya ba ta kisa. Jira kuwa yakan kai mutum inda ba a karɓar baƙo.

Ka tuna shekarun da aka rufe hanyar Baga, kasuwa ta mutu, na yi wata huɗu ba na gida? Kuna ƙanana, an ce muku na tafi fatauci. Neman abinci na tafi, wani gari a yamma, ba zan faɗi sunansa ba don mutanensa ba su fi mu laifi ba. Na sami ɗan kifin kogi ina sayarwa da araha, don ba ni da rumfa ba ni da lokacin jira, ku kuna nan kuna jiran saƙo. Sai na ji ana cewa 'yan Barno sun zo sun karya farashi, kuma wa ya san abin da ya koro su, wa ya san abin da ke cikin jakunkunansu. Ina da katin ɗan ƙasa a aljihu, da hotona da hatimi. Ba wanda ya nemi gani. Na bi rumfa rumfa ina roƙon inda zan ajiye jakata, kowa ya ce wuri ya cika. Wata huɗu jakar nan tana kafaɗata, har sallah da ita a gabana nake yi. A nan na gane dalilin da zai sa mutum ya ajiye akwati wofi a ɗakin wani.

Shi ya sa dariyarka ta ranar Juma'a ta tsaya mini a rai. Bizarka na yi murna da ita, na san wahalar da ka sha kafin ta fito. Ka kiyaye ta, ka bi dokar mutane, kada ka wuce kwanan da aka ɗiba maka. Amma kada ka ɗauke ta shaidar cewa ka fi wanda bai samu ba. Takarda ce, wani ya sa hannu, wani na iya janyewa. Ranar da aiki ya yi wuya a can, mai fushi ba zai tsaya karanta ta ba, fuskarka zai karanta da harshenka.

Waɗannan mutanen da Kyari ke zagi, za ka same su a wurin aiki. Ka koyi sunayensu yadda iyayensu suka raɗa musu. Ka koyi gaisuwarsu ko da kalma biyar ce, ɗan kasuwa ba ya raina yare. Ka kalli hannunsu, don wanda aka daɗe ana biyan sa kaɗan yakan iya aikin fiye da mai surutu, kuma abin da ya koya maka shi za ka ci da shi bayan an manta da shi. In ɗayansu ya ce ka riƙe masa wani abu, ka duba ko za ka iya kafin ka karɓa. In ka karɓa, to ka karɓa ke nan. Kyari kuma ka girmama shi, yayanka ne, zai tarbe ka. Ka ci tuwonsa, kada ka ci ra'ayinsa.

Ban gaya wa mahaifiyarka zancen akwatin ba, ta san dai gidan ya taɓa yin baƙi. In ka ga dama ka raina ni bayan ka karanta, ba zan ce ka yi laifi ba. Na gwammace ka raina ni daga nesa da ka gaje ni.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya zaunar da kai lafiya, Ya dawo mana da kai muna raye ko muna kwance. Ya tsare ka daga zalunci, naka da na wani. Ya sa guminka ya zama halal, Ya sa kada abincinka ya fito daga bakin wani. In ka yi sallah ka sa kakanka a addu'a, ka sa wani bawan Allah Mahamat, da Zara da 'ya'yanta duk inda suke. In da saura ka sa ni. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka, Malam Bitrus ma ya ce a gaida ɗan Amurka.

Wassalam.

Mahaifinka,
Ali

Af, na tuna. Ka ce mai kamfanin da zai ɗauke ka ya yi murna ƙwarai da ka amince da albashin ba tare da ka taya ba, har ya ce ka fara ranar Litinin don wurin a shirye yake. Madalla. Kafin Litinin ɗin, wa ke tsaye a wurin, kuma shi nawa ya ƙi karɓa?